Kurciyar da Ta Dasa Gashinta

Ga wata nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso mu ji ta.

Kurciya ce shaho ya ɗauke mata miji. Tun daga nan ƙwan da take sakawa ya daina ƙyanƙyashewa, sai ta yi ta kwanci har ya ruɓe.

Ran nan ta tarar da Kunkuru yana saran itacen rogo yana dasawa. Ta ce, "Baba Kunkuru, ina mijin rogon nan?"

Ya ce, "Ba shi da shi, 'yata. Guntunsa ake binnewa, ya tsiro sak uwarsa."

Sai Kurciya ta fige gashinta ta dasa, kullum tana ba shi ruwa. Rogo ya yi ganye, gashi ko motsi. Ta zauna tana ta kuka.

Kunkuru ya ce, "Yi haƙuri, 'yata. Ke ba rogo ba ce, ƙwanki sai da uba."

Ashe kukan nan ya kai kunnen wani namijin kurciya da ke zaman kaɗaici a kan tsamiya. Ya sauko ya yi mata sallama. Kafin damina ta wuce sun ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu, Kunkuru ne ma ya raɗa musu suna.

Ƙurunƙus, ɓera ya gudu da sauran!