Yadda Burgu Ya Zama Inna

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, ko ƙarya ce ma a ba mu.

Wai akwai wani tsibiri can tsakiyar teku, ruwa gabas, ruwa yamma, kwakwa ko'ina. Dabbobin wurin ba su san ɓarawo ba. In ka ɗaga musu sanda, matsowa za su yi su ga ko ta ci ce.

Ran nan wani jirgin ruwa ya tsaya, sai Burgu ya diro daga cikin buhun shinkafa, wai zai miƙe ƙafa. Jirgi ya tafi ya bar shi. Ya ci kwakwa, ya ci kwakwa, har kwakwa ta fita ransa. Shi dai ƙwai yake marmari.

To, a tsibirin akwai wasu tsuntsaye masu jan ƙafa, manya kamar talotalo, ga fiffike amma ba sa tashi. Da can sun fi dubu, matuƙan jirgi suka soye su ɗaya bayan ɗaya. Saura biyu rak, tsohuwa Yalwa da mijinta Jatau, sai ƙwai guda. Yalwa kuwa ta rantse daga wannan ta gama. In ya lalace, zuri'a ta ƙare ke nan.

Kwana arba'in tana kwance a kai, ta rame, ta fige. Jatau ya ce shi a gidansu maza ba sa kwanci. Aikinsa barci a inuwa.

Burgu ya leƙo, ya ga ƙwai fari sol, girmansa ya kai kan Burgun. Yawu ya tsinke masa. Ya share baki, ya rusuna.

"Sannu da kwanci, Iya."

"Yauwa, baƙo. Daga ina?"

"Daga babban gari. Ai ni kwancin ƙwai sana'ata ce, gado na yi. Taɓa cikina ki ji ɗumi. Tashi ki je bakin ruwa ki ɗan sa wani abu a baki, ni na riƙe miki."

Yalwa ta taɓa, ta ji ɗumi. Baiwar Allah har da hawaye. Ta sa masa albarka ta tafi tana tangaɗi.

Ko ɓacewa ba ta yi ba Burgu ya kafa haƙori. Ƙwas! Ƙwai ko gezau. Ya sake, ƙwas! Ya juya shi ta gindi, ƙwas! Haƙori ɗaya ya ɓalle, shi kuwa ƙwai ɗan tsagewa kawai ya yi. Yana shirin na huɗu sai ya ji an ɗaga shi sama ta wuya.

Ƙaguwa ce, mai gadin tsibirin, wadda ke fasa kwakwa da hannu ɗaya. Hannun nan kamar awartaki.

"Kai, me haƙorinka ke nema a jikin ƙwan Yalwa?"

Kafin ka ce me, tsibiri ya taru. Yalwa ta dawo da gudu tana kururuwa, Jatau ya farka yana tambayar ko abinci ne ya sauka. Aka aika a kira Kaka Kunkuru, don shi ke yanke hukunci. Tun azahar ya taso, sai la'asar ya iso. Duk wannan lokacin Burgu na reto a sama, ƙwaƙwalwa kuwa na ta aiki.

Kunkuru ya ce, "Baƙo, muna jin ka."

Burgu ya ce, "Kaka, ni kunya ma kuka ba ni. Ƙwanƙwasa ƙofa nake yi! A garinmu wane jariri ne zai fito ba a yi masa sallama ba? Ku sai ku hau kai ku yi shiru, yaro na ciki yana zaton ba kowa a gida. Ba dole ku ƙare ba?"

Jatau ya ce, "Ni dama na sha faɗa mata."

Kunkuru ya yi tunani, ya yi tunani, ya ce, "To, ƙwanƙwasa mu gani. In ya amsa, ka tsira. In bai amsa ba, Ƙaguwa ta yi maka irin ta kwakwa."

Aka sauke Burgu. Ya ƙwanƙwasa. Shiru. Ya sake ƙwanƙwasawa. Shiru. Ƙaguwa ta fara miƙa hannu. Burgu ya kifa baki a kan tsagar nan, ya yi roƙon gaskiya na farko a rayuwarsa: "Ɗan nan, don girman Allah ka fito!"

Sai ƙwas, daga ciki. Ƙwas, ƙwas, ɓawo ya dare. Wani ɗan tsako jiƙaƙƙe, mummuna, ya turo kai. Ya buɗe idanu, ya sauke su a kan Burgu.

"Inna!"

Wuri ya kaure da guɗa. Burgu ya kumbura, ya karkaɗe jiki, ya ce, "Kun gani? To, sai maganar tukuici."

Kunkuru ya ce, "Akwai shi, Inna. Su jan ƙafa, wanda ɗan tsako ya fara gani shi ne uwarsa, ba ya karɓar abinci a bakin kowa sai nasa. Kai za ka tono tana, ka tauna, ka ɗura masa, safe da rana da yamma, har ƙafarsa ta yi ja. Ƙaguwa za ta riƙa raka ka, kada ka yi kaɗaici."

"Yaushe ƙafar ke yin ja, Kaka?"

"Ba daɗewa. Shekara bakwai."

Burgu ya tuna ubansa, ya tuna kakansa. Duk danginsu ba wanda ya taɓa ganin shekara biyar. Ya buɗe baki zai yi magana, Ƙaguwa ta ɗan motsa hannu, ya mayar ya rufe.

Yalwa ta yi miƙa, ta tafi inuwa, ta ce wa Jatau ya matsa mata. Ɗan tsako ya wangale baki.

"Inna, yunwa!"

Burgu ya duƙa ya fara tono.

Ƙurunƙus, kan Burgu mai giɓi. Ku kuma, in za ku saci ƙwai, ku fara tambayar kwanansa nawa.