Jan Farcen Ɗiyar Malam Junaidu

Akwai wata dattijuwa a Wurno, ana ce mata Inna Ladidi, a shekarun ƙarshe na mulkin Turawa. Sana'arta ƙunshi da gyaran farcen mata. Gida-gida take bi da ɗan kwandonta.

Ladidi ba ta da sauri. Kafin ta taɓa hannun mace sai ta tambayi abin da ya ɓata shi. In ƙaro ne ya manne, man gyaɗa take sawa. In shuni ne, lemun tsami. In farce ya yi kauri, sai ta jiƙa shi a ruwan ɗumi da 'yar kanwa, ta zauna tana hira har ya yi laushi.

Ana nan sai wata matashiya mai suna Laraba ta dawo daga Sakkwato da sabon abu: jan farce na kanti a 'yar kwalba, mai ƙyalli, mai bushewa nan take. Mata suka koma wajenta. Laraba ta riƙa faɗi a gidajen biki cewa zamanin tsofaffi masu jiƙa hannu kamar masu jiƙa gero ya wuce. Maganar ta kai kunnen Ladidi, ta yi mata zafi. Wata rana ma sai ta fita da kwandonta ta dawo ba wanda ya kira ta.

Sai aka yi suna a Rabah, a gidan wani malami, Malam Junaidu. Aka ɗauko Laraba ta yi wa matan gidan kwalliya. Ta shafa wa Fatsuma, ɗiyar malam, jan farce a duk yatsunta.

Da malam ya gani, ya yi bayani cewa wannan ba kamar lalle ba ne, rufe farce yake yi, ruwan alwala ba ya isa. Ya ce a cire.

A nan aka gane Laraba shafawa kawai ta iya. Ta gwada sabulu, bai fita ba. Ta zuba kananzir, fatar Fatsuma ta yi ja tana raɗaɗi, jan farcen yana nan. Cikin ruɗewa ta ɗauki reza ta fara kankarewa, har ta yanke ta a yatsu biyu. Washegari yatsun suka kumbura. Malam ya ce in ba a gyara ba, zai roƙi hakimi a hana Laraba shiga gidajen mutane.

Laraba ta samu motar kaya ta koma Wurno, ba ta zarce ko'ina ba sai gidan Ladidi. Ta durƙusa ta faɗi komai tana hawaye.

"Mi da mi kika sa mata?" in ji Ladidi.

Ta lissafa mata. Ladidi ta ce, "Ɗiyata, ni ma ban san wanga abu ba. Amma ba a koyo a hannun ɗiyar mutane. Shafa min shi a nawa."

Laraba ta shafa wa tsohuwar a yatsunta. Da ya bushe, Ladidi ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Lemun tsami bai motsa shi ba. Man gyaɗa sai ƙara masa ƙyalli ya yi. Ruwan kanwa ya cinye mata fata har ta ciji leɓe. Duk abin da ke kwandonta ya kasa.

Laraba ta yanke ƙauna, ta ce ita dai ta haƙura da sana'ar. Ladidi ta ce a'a, tunda abin daga kanti ya fito, wataƙila maganinsa ma a kwalba yake. Sai ta tuna ruwan nan mai sanyi da ƙarfin wari da ake goge fata da shi kafin allura.

Suka kama hanyar Rabah tare. Suka fara biyawa ɗakin shan magani, wajen Halliru mai allura. Ladidi ta miƙa masa hannunta ta roƙe shi ya gwada. Ya jiƙa auduga da ruwan nan, wato sifirit, ya ɗora a farcenta. Da farko ba abin da ya faru. Ta ce a bar shi ya jiƙa. Da aka ɗaga aka goga, sai audugar ta fito da ja.

Halliru ya zuba musu kaɗan, ya gargaɗe su kada ya kusanci wuta, ya kuma ce a kawo masa Fatsuma ya duba ciwon.

A gidan malam, Ladidi ta zauna da Fatsuma tana jiƙawa tana gogawa a hankali, tana kauce wa inda reza ta yanka, tana bin kowane yatsa da man shanu. Kafin la'asar faratan suka fito fes. Fatsuma ta yi alwala ta yi sallarta.

Malam Junaidu ya yi wa Ladidi godiya, ya tambaye ta me zai yi mata.

"Malam, ka bar wa yarinyar ga sana'arta," in ji ta. "Kuskure ta yi, kuma da ƙafarta ta zo neman gyara."

Malam ya amince. Daga ranar Laraba ta riƙa ɗaukar wa Ladidi kwando, suna bin gidaje tare har Goronyo. Da ƙarfin Ladidi ya ƙare, Laraba ce ta ci gaba da aikin, kuma ita ce ta riƙa ciyar da tsohuwar har ƙarshen rayuwarta.

Darasi: Kada ka raina wanda ya riga ka a sana'a, kuma kada ka shafa wa mutum abin da ba ka san yadda ake cire shi ba. Idan wanda ya ci mutuncinka ya zo neman taimako, ka taimake shi, Allah ba ya mantawa. Ku tura wa 'yan uwa masu sana'ar hannu su ma su karanta.