Hannun da Ya Ƙaryata Kansa

An ce wai a wani gari na bakin daji an yi wani attajiri, Alhaji Na-Ta'ala, mai shanu sittin, wanda ya damƙa kiwonsu ga wani makiyayi mai suna Ja'e. Kowace kaka, kafin garke ya tafi kudu neman ciyawa, Alhaji yakan kira Malam Tanimu, gwanin duba cikin shanu, ya sa hannu ya faɗi wadda ke da ciki da watanninsa. Da haka yake sanin maruƙan da zai tarar in damina ta sauka. Shekara ashirin ba a taɓa jin hannun Tanimu ya yi kuskure ba.

Wata shekara garke ya komo bayan wata tara, aka ƙirga maruƙa, ɗaya babu. Wata farar saniya da Tanimu ya ce tana da cikin wata biyu ta dawo ita kaɗai, hantsarta a bushe. Alhaji ya ce Ja'e ya sayar da maraƙin tun yana jariri, shi ya sa nono ya ƙafe. Ya kai ƙara gaban Alƙali Mu'allayiɗi, ya nemi a karɓe karsana ɗaya tak da Ja'e ya mallaka, a kuma shelanta shi ɓarawo. Makiyayin da aka kira ɓarawo kuwa, ko akuya ba mai sake ba shi kiwo.

Ja'e ya rantse saniyar ba ta haihu ba, amma ba shi da mai shaida sai daji. Tanimu kuma ya tsaya kan maganarsa. Abin ya dami alƙali ƙwarai, domin in ya gaskata ɗaya ya ƙaryata ɗayan, kuma dukansu ba a san su da ƙarya ba. Sai ya tambayi Ja'e ko ya ga wani abu game da saniyar a can kudu.

Ja'e ya ce, "Allah ya gafarta Malam, da tsakiyar rani na ga bijimi ya hau ta, ta kuwa tsaya masa. Ban san komai ba bayan wannan."

Alhaji ya yi dariya, ya ce kowa ma ya iya faɗin haka. Alƙali ya sa aka fitar da Tanimu, aka kawo fararen shanu biyar aka ɗaure a ƙofar majalisa, har da wadda ake shari'a a kanta, sannan aka dawo da shi. Aka ce ya duba su duka, ba a gaya masa wacece ba.

Tanimu ya naɗe hannun riga. Ta farko babu ciki, ta biyu babu. Ja'e yana tsugune gefe, ya zuba ido, don ya san saniyar ita ce ta huɗu. Da Tanimu ya kai gare ta sai ya jima yana lalube, ya ce wannan tana da cikin wata biyar, yana ma jin motsin ɗan.

Alƙali ya ce, "Malam Tanimu, a ƙirgenka na kaka, wata biyu ke nan da ya kamata saniyar nan ta haihu. Ka taɓa ganin saniyar da ta haihu wata biyu da suka wuce tana ɗauke da cikin wata biyar?"

Tanimu ya dubi hannunsa, kunya ta rufe shi. Ya ce a ranar nan ta kaka ya duba shanu hamsin da hannu, kafaɗarsa ta gaji, sauran goman sai ya kalle su da ido, alhali sun ƙoshi da harawa sun sha ruwa, cikinsu ya yi tulu. Bai taɓa zaton gajiyarsa za ta hau wuyan wani ba.

Alƙali ya juya ga Alhaji ya ce, "Maraƙinka ba a sayar da shi ba, ga shi nan cikin uwarsa. Ka jira shi wata huɗu. Sunan da ka ɓata wa bawan Allah nan kuwa ba zai jira ba, yanzu za ka wanke shi a gaban mutanen da suka ji ka."

Alhaji ya miƙe, ya nemi gafarar Ja'e da babbar murya. Ja'e ya yafe masa, ya kwance karsanarsa da aka ɗaure ana jiran hukunci, ya kuma ce Alhaji ya nemi wani makiyayin.

Shi ya sa, komai gwanintar mai shaida, a tambaye shi ko ya taɓa da hannu ko hange ya yi, kafin a ɗora wa wani laifi.