Jar Waya a Gurbin Fiyus

An yi wani mutum a nan garin Jos, mai gyaran wayarin mota, mazaunin Anguwan Rogo. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye kuma ya tuba. Wanda ya gane shi a cikinku ya ja bakinsa ya yi shiru, ya rufa masa asiri yadda yake so Allah ya rufa nasa.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ya iya aiki, wannan ba zan tauye masa ba. Kun san halin tsohuwar mota. Sai a wayi gari fitilun dashbod suna ƙyafta ido, su kawo su ɗauke, musamman in an shiga gargada. In aka kawo masa irin wannan, ya san inda ake farawa. Ya duba kan batir, ko ya yi sako-sako, ko farin gari ya cinye shi. Ya duba wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ko tsatsa ta kama ta. Ya gwada altaneta ya ga ko tana ba da caji daidai. In duk waɗannan lafiya lau suke, to babu makawa sai an kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, kai a matse, a bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har a gano wadda ta goge.

Wannan kwanciyar ce ya tsana. Tana cin wuni, tana sa ciwon baya, ga motoci jere suna jira. Sai Shaiɗan ya nuna masa gajeriyar hanya. Fitila ta dami mai mota da ƙyafta ido? A zare ƙwanta. Fiyus yana yawan ƙonewa? A ɗaure gurbinsa da jar waya mai kauri. Kafin mai mota ya shanye shayinsa an gama aiki, ya tafi yana sa albarka, yana faɗa wa mutane ya samu mai hannun da babu irinsa a Jos.

To mene ne fiyus? Ɗan mitsitsin abu ne da aka yi shi don ya mutu. In wuta ta yi yawa a waya, shi ke ƙonewa a madadin motar. Fitilar dashbod kuwa bakin mota ce, da ita take faɗa maka tana ciwo. Wanda ya cire waɗannan biyun bai warkar da komai ba, toshe wa mara lafiya baki kawai ya yi. Kuma mutumin nan ya san haka fiye da ni da ku.

Ana nan, sai maƙwabcinsa Datti ya kawo masa tasa motar. Datti mahauci ne a Abatuwa, wato mayankar gari, yana da wata tsohuwar mota mai dogon baya da yake ɗaukar nama da ita. Ta tsufa har ƙofofinta na baya ba sa buɗuwa ta ciki, sai wani ya buɗe maka daga waje. Ya ce, "Oga, fitilun nan sun hana ni sakat, kuma kullum sai fiyus ya ƙone. Ka duba mini tsakaninka da Allah."

Mutumin ya duba kan batir, lafiya. Ya gwada altaneta, lafiya. Ya girgiza wayoyin da ke ƙarƙashin sitiyari, fitilu suka yi rawa. Nan take ya gane akwai wayar da rigarta ta goge, tana taɓa ƙarfe duk lokacin da mota ta faɗa rami. Aikin wuni guda ne. Ya kalli rana, ya kalli layin motoci, ya ɗauko jar wayarsa ya ɗaure fiyus, ya zare ƙwan fitilar da ta fi damun Datti. Sannan ya ce, "Wallahi na gama da ita, je ka abinka."

Kun ji? Maƙwabcinsa, kuma da sunan Allah a bakinsa.

Bayan 'yan makonni aka sa bikin 'yarsa Madina. Kun san al'adarmu ranar kai amarya: ba a roƙon maƙwabci mota, shi ke kawowa da kansa, kuma mayar masa da ita cin fuska ne. Bayan la'asar motoci suka jeru a ƙofar gida za a kai amarya can wajen Abatuwa. Sai ga Datti ya wanke tasa fes, ya kankare ƙarnin nama, ya shimfiɗa sabon zane a kujeru, har da turare. Ya ce tsofaffi nasa ne, shi zai kai su.

Uban amarya yana tsaye a bakin zaure, ya sha babbar riga. Yana kallo aka kamo hannun mahaifiyarsa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, aka sa ta a baya. Aka sa ƙannenta biyu, aka ɗora mata jika a cinya, aka rufe ƙofar nan da ba ta buɗuwa ta ciki.

Ya san abin da ke ƙarƙashin sitiyarin nan, shi ya bar shi a can. Kalma ɗaya ta isa: ku sauke Inna. Amma in ya faɗa za a tambaye shi dalili, ga surukai, ga maƙwabta, ga Datti yana murmushi. Sai ya ce a ransa, ai ta yi makonni tana tafiya ba abin da ya faru, yau ma Allah zai kiyaye. Ya 'yan uwa, wa ya gaya muku wannan tawakkali ne? Mutum ya haƙa rami da hannunsa, ya ga uwarsa ta doshi ramin, ya yi shiru don kada a ce shi ya haƙa? Ya auna mutuncinsa da ran mahaifiyarsa, ya zaɓi mutuncinsa. Ni a wurina wannan shirun ya fi jar wayar muni.

Motoci suka tashi. Shi kuwa ya kasa zama, ya tari keke napep ya bi bayansu.

Daidai Tina Junction motar Datti ta faɗa wani rami. Wayar nan ta manne da ƙarfe. Da fiyus na nan, da ya ƙone, fitilu su ɗauke, magana ta ƙare. Amma jar waya ba ta san ƙonewa ba. Wayoyi suka yi ja, roba ta narke, hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari. Datti ya taka birki ya faɗo waje yana tari, ƙafar wandonsa na ci da wuta. Tsofaffi suna ta dukan gilashi suna salati, ƙofa ta ƙi.

A nan ne Allah ya nuna shi ne mai tsarewa. Wata mai sayar da dankalin turawa a bakin titi, sunanta Klaudiya, ta watsar da tirenta ta ruga ta fizge ƙofar daga waje, tana ihu, "Mama fito! Fito, wuta ya kama!" Ta sunkuci yaron ta miƙa wa wani, ta dawo ta jawo tsohuwar nan a kafaɗarta. 'Yan keke suka fito da sauran. Wani mai facin taya da ake kira Datong ya ɗaga bonet ya kwance kan batir, jama'a suka yi ta watsa yashi har wutar ta mutu.

Aka ƙirga mutane, kowa na nan. Datti ya ɗan ƙone a ƙafa, tsohuwa ta shaƙi hayaƙi, mayafinta ya babbake a gefe. Iyakarta ke nan. Alhamdu lillahi! Ku ce alhamdu lillahi, 'yan uwa, domin saura ƙiris gidan biki ya koma gidan makoki.

Uban amarya ya iso yana haki, ya tarar da mahaifiyarsa zaune a kan bencin Klaudiya ana yi mata fifita. Ya durƙusa ya riƙe ƙafarta yana kuka. Jama'a suna cewa, Allah sarki, ɗa da uwa. Sai Datong ya leƙa cikin motar da ta huce, ya zaro jar wayar daga gurbin fiyus, ya ɗaga ta sama. Ya ce, "Oga direba, wane ne ya yi maka wannan aiki? Wannan mutum ya so ya kashe ku."

Datti ya juya ya kalli maƙwabcinsa.

Tsohuwa ta bi idon Datti, ta ga inda ya sauka. Ta daɗe tana duban ɗanta, sannan ta ce a hankali, "Ɗan nan, lokacin da aka sa ni a ciki, ka sani?"

Bai iya ɗaga kai ba.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Kafin a idar da magariba labari ya zaga Anguwan Rogo. Masu motocin da ya taɓa yi wa aiki suka riƙa kai su wurin wasu ana buɗewa, ana tarar da gurbin ƙwan fitila babu komai, fiyus ɗaure da waya. Shugabannin gareji suka karɓe rumfarsa suka ba wani. Mutumin da motoci ke yi wa layi ya wayi gari ba mai ba shi ko tocila ya gyara. Amma wallahi ya ci riba, domin sana'a ya rasa, bai ɗauki gawar uwarsa ba.

Ya tuba, na shaida. Ya bi mutane gida gida yana neman gafara, ya sayar da kayan aikinsa ya gyara wa Datti mota. Mahaifiyarsa tana nan da ranta, kuma ta yafe masa, ai uwa ce. Sai dai har gobe, in za ta je asibiti aka tsayar mata da mota, ba ta shiga sai ta aika an kira Datti mahauci ta tambaye shi ko motar lafiyayya ce. Ɗanta yana tsaye a gefe, ba ta ko duban inda yake.

Ya 'yan uwa, tela da birkila da mai sayar da magani da mai awon hatsi, da ku nake. Aikin da mai shi ba zai iya gani ba, shi ne amana. In ka ha'inci mutum ba ka san wa zai shiga motar ba. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka buɗe baki tun ƙofa ba ta rufe ba, kunyar yau ta fi ta gobe ƙiyama sauƙi. Shi an yi masa sassauci, Allah ya aiko masa da mai dankali da mai faci. Kai wa ya yi maka alkawarin za su kasance a bakin titi ranar taka?

Allah ya kiyaye mu daga ha'inci a sana'a, ya kiyaye mu daga shirun da ke halaka na kusa da mu, ya sa mu ci halal, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Amin.