Takalmin Gidan Baba Nomau

Ku matso ku kasa kunne, yau ku ne alƙalai.

A garin Rafin Gawo an yi wani baduku, Baba Nomau, wanda ɗinkinsa ya kai har Agadas. Mutum ne mai ji da sana'arsa. In ya hangi takalminsa a ƙafar baƙo, sai ya yini yana murmushi. Amma tun da majeman garin suka bar bagaruwa suka koma jima da sinadari, rafi ya yi baƙi ƙirin, ya ɗau wari. Kifi ya ƙare, lambuna suka ƙone. Ran nan ya je gaida ƙanwarsa Ladidi mai wankau a rafin, ya tarar hannuwanta duk sun saɓule. Ya dawo gida ya tara 'ya'yansa uku.

Ya ce, "Fatar da nake saye ce ta cinye hannun gwaggonku. Daga yau na bar ta. Amma gidan nan ba zai bar takalmi ba. Ku nemo mini abin da zan ɗinka."

Shekarau, babbansu, ya fita nema. Ya gwada kaba ta karye, ya gwada ɓawon ayaba ya yage. Sai ya tafi ƙauyen masaƙa ya zauna da su har kaka ta wuce. Can ya gano yadda za a bugi rama ta yi laushi, a murɗe ta da auduga, a saƙa ta da kauri. Baba Nomau ya ja saƙar da ƙarfinsa, ba ta ko motsa ba. Ya yanka tsohuwar taya ya yi mata ƙasa, takalmi ya fito gwanin kyau.

Ruwan farko na sauka, takalmi ya jiƙe ya ruɓe. Tasalla, 'yarsa ta tsakiya, ta kwashe ragowar saƙar ta shige madafa. Ta dafa danƙo da man kaɗanya, ta ƙona tukwane, ta ƙona yatsu, maƙwabta suna cewa ta zautu. Ba ta daina ba sai ranar da ta zuba ruwa a kan saƙar da ta shafe da haɗin, ya gangare kamar a bayan agwagwa.

To, ga takalmi, babu mai saye. A kasuwa dariya ake yi, ana kiransa takalmin ciyawa. Barau, autansu, ya zura shi a ƙafa. Da shi ya yi noma, da shi ya ratsa taɓo kasuwa-kasuwa, damina guda. A Kano ya cire shi gaban wata 'yar kasuwa, Hajiya Kyauta, ya tsoma a bokiti ya miƙa mata.

Ta jujjuya shi ta ce, "Ɗana, babu fata ko kaɗan?"

"Ko ƙyalli, Hajiya."

"Ina da masu saye a ƙasashen waje da ba sa sa komai na dabba. Na gaji da neman irin wannan."

Aikin da ta ba su ya fi ƙarfin gida ɗaya. Barau ya bi majema ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su shigo aikin, wasu suka zage shi, wasu suka rufe ramukan jimarsu suka zo koyon saƙa. Kafin shekara ta zagayo, an fara kama tarwaɗa a rafi.

Sai Hajiya ta aiko cewa za a buga tambari a kowane takalmi, suna ɗaya tak ake so, kuma mai sunan shi ne zai riƙe rumfar ɗinkin gidan. Baba Nomau ya ce shi ya tsufa, nasa sunan ya tafi tare da fata. Ya dubi Shekarau, ya dubi Tasalla, ya dubi Barau, ya rasa wanda zai zaɓa.

To, jama'a, ku fitar da tsoho kunya: sunan wa za a buga?