Sunan Ɗan Haladu Mai Gyaran Wuta

Ku gyara zama, ga wata magana da nake so ku yanke mata hukunci.

A wani gari an yi wani mai gyaran wuta, Haladu. Wata safiya mai injin niƙa na bakin kasuwa ya aiko masa, wai injin yana ƙauri. Abin da bai gaya masa ba shi ne, fis ya dame shi da yawan ƙonewa, sai ya cire shi ya ɗaura wayar tagulla mai kauri a gurbinsa. Shi kuwa fis an yi shi ne don ya ƙone kafin mutum ya ƙone.

Haladu na buɗe akwatin wutar injin, wayoyi biyu suka haɗu. Akwatin ya fashe da ƙara kamar aradu. Ya faɗa kan waya, hannunsa ya damƙe ta, ya kasa saki. Tartsatsi ya kama buhunan dusa.

Abokansa uku suna zaune a rumfar mai shayi. Tanimu mahauci ne ya fara isa ƙofa. Ya tarar mutane sun miƙa hannu za su jawo Haladu, ya daka musu tsawa: "Kada wanda ya taɓa shi!" Ya fizge busasshiyar taɓarya a hannun wata mata, ya kutsa cikin hayaƙi bai san inda zai taka ba, ya doke hannun abokinsa har ya rabu da wayar. Amma wata wayar ta tsinke ta faɗo tsakaninsu tana feshin wuta, dole ya ja da baya.

Shi kuwa Mudi tela, da ya leƙa sai ya juya a guje. Ana ta cewa, "Kai, Mudi, yau kai ne da gudu?" Bai waiwaya ba. Ya ga mata sun taho da bokitan ruwa, ya kuma san in ruwa ya taɓa wayar nan ba Haladu kaɗai za a binne ba. Ya haye katanga ya kai ga babban fis na jikin falwaya, ya naɗe hannu da hularsa ya fizge shi. Wutar ta ɗauke, amma ta tafi da yatsunsa biyu, waɗanda yake riƙe allura da su. Sai a lokacin aka samu shiga, aka fito da Haladu.

Aka shimfiɗa shi a inuwa, ba numfashi. Wani dattijo ya taɓa wuyansa, ya yi salati, ya lulluɓe shi da rawaninsa. Na ukun abokan, Sagiru direban motar asibiti, ya yaye rawanin ya durƙusa, ya shiga danna ƙirjinsa yana hura masa iska a baki, kamar yadda ya ga ana yi a wurin aikinsu.

Dattijon ya ce, "Yaro, ka ji tsoron Allah, ka ƙyale gawa ta huta."

Sagiru ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri, bai zama gawa ba tukuna."

Yayan Haladu ya iso yana kuka, ya kai wa Sagiru mari. Sagiru bai ɗaga hannu daga ƙirjin ba, har haƙarƙari ɗaya ya karye a ƙarƙashin tafinsa. Can sai Haladu ya yi tari.

Yana kwance a asibiti matarsa Saude ta haihu, namiji. Likita kuma ta gaya musu wannan haihuwar ita ce ta ƙarshe gare ta. Haladu ya yi alkawari zai sa wa yaron sunan wanda ya cece shi.

Ranar suna ta zo. Liman ya zauna, an kayar da rago. Su ukun suna kan tabarma ɗaya, kowa kansa a ƙasa, ba wanda ya nemi komai. Liman ya karkato da kunne ya ce, "Haladu, muna jiran suna."

Yaro ɗaya ne, sunan yanka kuma ɗaya. To, ku da kuka ji yadda aka yi, sunan wa zai raɗa wa liman?