Na-Sani da Motar Mamaci

Akwai wani makanike, ku matso ku ji, da ake kira Na-Sani. Ko gaisuwa ka fara, kafin ka kai ƙarshe ya ce ya sani.

Ran nan da tsakar rana aka jawo masa wata mota atomatik, sandar giyarta ta ƙage. Wata dattijuwa ce ta biyo ta. Motar mijinta ce, ya rasu wata biyar ke nan.

Ya shiga ciki. Rana na dukan rufin, amma kujerar direba sanyi ƙalau, ga shatin zaman mutum a jikinta. Ya kwance notina, ya sauke birkin hannu don murfin giyar ya fita. Sai ya ji kamar an yi tsaki a gefensa. Ya waiga, ba kowa.

Saura ya cire wayar giyar daga ƙasa. Ya rufe ƙofofi, ya jefa makulli a aljihu.

Dattijuwar ta ce, "Ɗan nan, gurin nan gangare ne. Ba ka sa wa tayar dutse?"

"Na sani, Baba. Ni da na tsufa a ƙarƙashin mota? Je ki inuwa ki huta."

Ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar. Yana ɓalle wayar, sifanarsa ta bugi ɗan ƙarfen da ke riƙe da giyar. Giyar ta saki, motar ta fara gangarowa.

Ba ƙara, ba gurnani. Tayar baya kawai ya gani tana tahowa a hankali, saitin wuyansa. Rigarsa ta maƙale. Bakin da ya san komai ya kasa ko salati.

Sai ya ji ƙarrrat! daga cikin motar. Ta tsaya cak, robar tana shafar maƙogwaronsa.

Da rarrafe ya fito. Ƙofofi a rufe, gilasai a ɗage, birkin hannu kuwa an ja shi har ƙarshe. Dattijuwar tana can ƙarƙashin bishiya, ko motsi ba ta yi ba.

"Baba... wa ya ja birkin?"

Ta gyara mayafinta. "Allah ya jiƙan malam. Shekara arba'in muna tare, bai taɓa barin makanike shi kaɗai da motarsa ba."

Ni dai ban ce komai ba, yadda na ji na faɗa muku.

Darasi: In an ba ka shawara, karɓa ko daga bakin wa ta fito, don ba kowace mota ce ke da mai ja maka birki ba. Ku tura wa wancan ɗan'uwan naku da ba a gaya masa magana.